Haɗin gwanda da zuma na tsutsar ciki da na saya a wani Islamic kemis a Kano

Masu tambayata a kan wannan haɗin maganin tsutsar cikin da ake ta yawo da tallansa a WhatsApp, wanda ake cewa 'ya'yan gwanda ne da zuma zalla babu kemikal, to ga amsa gaba ɗaya don wallahi na gaji da tura wa mutum ɗaya-ɗaya. Ni aikin leb nake yi, jini da fitsari da bayan gida su nake dubawa tun safe har la'asar, ni ba likita ba ne ba kuma mai ganye ba, amma ƙwan tsutsa kam in na gan shi a madubin leb ba sai an gaya min ba.

Shagon ya yi, mai shagon mutumin kirki ne, zumarsa kuma ta gaskiya ce. Haɗin ne dai ba zan ce a ɗauka a ba yaro a matsayin maganin tsutsa a koma a kwanta ba. Kuma kar wani ya ce min ai ku 'yan boko dama kun raina namu, a'a, abubuwan da aka zuba a ciki wasunsu da gaske suna taɓa tsutsa, matsalar tana wani waje daban.

Ba zan faɗi sunan shagon ba, irinsu dai kun sani, gilashi a gaba, kantoci cike da man zaitun da habbatus sauda da hulba da garin magarya, ƙamshin turare na dukan hanci tun daga bakin ƙofa. Wannan yana da tsafta sosai, ba ƙura a kan kwalabe, kuma ba ya shanya kaya a rana a waje kamar yadda wasu suke yi su bar zuma tana dahuwa a bakin titi. Malam ɗin yana sauraron mutum, ba ya katse ka. Abin da ya fi burge ni shi ne wata mata ta shigo ina tsaye da jariri a goye tana neman na tsutsa, ya tambaye ta watansa nawa, da ta faɗa sai ya ce "Hajiya wannan ba a ba shi zuma, ki kai shi asibiti su duba". Wannan daidai ne ɗari bisa ɗari, yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri bai iya kare kansa daga gubarta, tana iya sa jikinsa ya saki har numfashi ya gagara. Masu shaguna da yawa da sai su karɓi kuɗi kawai. Allah ya saka masa.

Kwalbar ta roba ce mai faɗin baki, abin ciki baƙi-baƙi ne mai kauri, in ka ɗebo da cokali za ka ga tsaki-tsakin 'ya'yan gwanda da ba su daku sosai ba, in ya kwana kuma garin sai ya taso sama zumar ta kwanta ƙasa, wato cokalin farko da na ƙarshe ba abu ɗaya kake sha ba sai in ka juya shi da kyau, kuma ba inda aka rubuta a juya. Ɗanɗanonsa zaƙi ne da farko sai yaji ya biyo baya ya hau hanci, sannan ɗaci ya zauna a maƙogwaro. A jikin takardar an jera: 'ya'yan gwanda, zuma, tafarnuwa, habbatus sauda, tazargade, sanamaki. Ba a faɗi yawan kowanne ba. Yadda ake sha kuwa an ce babba cokali biyu yaro cokali ɗaya, to wane cokali, na shayi ko na cin abinci ko ludayi? Wane yaro, ɗan shekara 2 ko ɗan shekara 12? Shiru. Ranar haɗawa babu, ranar lalacewa da biro aka rubuta.

Bari in tsaya a kan gwandar don ita ce gaskiyar da ke cikin kwalbar nan. 'Ya'yan gwanda suna da wani sinadari da ake kira benzil aisotayosayanet, shi ne mai wannan yajin da ke hawa hanci in ka tauna su, kuma masu bincike sun nuna shi ne babban abin da ke kashe tsutsa a cikinsu. Amma fa ba a shirye yake zaune a cikin ɗan gwandar ba, sai an fasa shi an tauna ko an daka sannan abubuwa biyu da ke ciki su haɗu su samar da shi, kuma zafi mai yawa yana kashe wanda ke yin haɗin, shi kansa sinadarin kuma mai tashi ne a iska. Kenan garin da aka daka aka bari a buɗe, ko aka soya 'ya'yan don su bushe da wuri, ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da sabon daka. Ga kuma ƙaron ɗanyar gwanda, wannan farin ruwan, shi ma yana da nasa sinadarin mai narkar da nama wanda a gwajin leb yake cinye fatar tsutsa, shi ya sa ma ake tausasa nama da shi.

An gwada shi a kan mutane a nan Najeriya. Likitoci na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife sun fitar da bincike a 2007, yara 60 waɗanda aka ga tsutsa ko wasu ƙwayoyin hanji a bayan gidansu, aka raba su biyu, 30 aka ba su busassun 'ya'yan gwanda da zuma, 30 zuma kaɗai, aka sake duba bayan gidan bayan kwana 7. A ɓangaren gwanda 23 sun fito fes, a ɓangaren zuma 5 ne kawai. Wannan ba wasa ba ne. A Kenya ma an yi wani da aka fitar a 2018, aka zuba garin 'ya'yan gwanda a cikin kunun 'yan makaranta kullum na wata 2, ƙwan macijin ciki ya ragu da kusan kashi 64 cikin 100, waɗanda aka ba albendazol, wato maganin tsutsa na kemis, kuma nasu ya ragu da kusan kashi 79. Kun ga gwanda tana aiki, amma ku lura da abu biyu: su waɗannan sun auna abin da suka bayar, sannan sun duba bayan gida kafin da bayan sha. Kuma yara 60 ba su isa a ce an gama magana ba. Masu talla suna ɗauko wannan binciken su liƙa wa kwalbarsu alhali ba abin da aka gwada ba ne suke sayarwa.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, sanamaki. Sanamaki ba ya kashe tsutsa, aikinsa shi ne ya murɗa hanji ya kora abin da ke ciki, yawanci bayan awa 6 zuwa 12 da sha. To mutum ya sha da daddare, da asuba ciki ya ɗau ƙugi, ya zaga ya ga majina-majina da zare-zaren ganye da ɓawon tumatir, sai ya ce Alhamdulillahi ga su nan sun fito a narke. Mutane sun sha kawo min irin wannan a leda ko a kwalbar magani suna murna, in sa a madubi in ga majinar hanji ce kawai da ragowar abinci. Macijin ciki in ya fito ba a tambaya, dogo ne fari-fari ko ja-ja, macen takan kai santimita 35, wani sa'in ma yana motsi. Gudawa ba shaida ba ce. Kuma yaro ƙarami da dama ba shi da jiki, ka sa shi zawo da gangan a wannan zafin na Kano, ruwan jikinsa kake zubarwa.

Abin da na gani da idona: yaran yayata ne aka ba, ita ce ma ta sa na je na sayo don ta ce in ban gwada ba kar in ƙara yi mata surutu. Na ce to Yaya sharaɗi ɗaya, a kawo min bayan gidansu kafin a fara. Babban yana da ƙwan macijin ciki, masu ruwan ƙasa-ƙasa da kauri da ƙurji-ƙurji a bayansu, sun cika fili ba sai an nema ba. Ƙaramar kuma da su da na wata siririyar tsutsa mai zama a babban hanji, wadda ƙwanta yake kamar ɗan tulu mai baki biyu, toshe a kowane gefe. Suka sha yadda takarda ta ce, ƙaramar da ƙyar don ɗacin, aka yi ta lallashi da alawa. Zawo kam sun yi, Yaya har da kirana a waya wai "likita bokan Turai ka zo ka gani". Da aka sake kawo bayan gidan daga baya, na babban ƙwan ya ragu, gaskiya ya ragu ba zan ɓoye ba, amma yana nan. Na ƙaramar kuwa masu baki biyun nan suna nan daram. Yara biyu ba bincike ba ne, kuma yawan ƙwai kan hau ya sauka daga rana zuwa rana ko ba a sha komai ba, amma tunda takardar ta ce yana fitar da kowace irin tsutsa gaba ɗaya, to a gidanmu dai bai yi hakan ba. Macen macijin ciki ɗaya tana iya zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, ƙwan kuma yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, don haka "ya ragu" ba wani abin shagali ba ne. Muka kai su asibiti da sakamakon aka rubuta musu na kemis. Don adalci, ita wannan siririyar ko albendazol ɗin ƙwaya ɗaya ba kasafai yake gamawa da ita ba, shi ya sa likita kan ce a sha na kwana 3.

Wannan maganar ta "ba kemikal a ciki" ita ma tana ba ni dariya. Magungunan tsutsa na farko da Turawa suka yi amfani da su ai daga tsiro aka tatso su, kuma ba don ba sa aiki aka bar su ba, don suna illa ne. Akwai santonin da aka fitar a Jamus a 1830 daga wani tsiro ɗan uwan tazargade da ke fitowa a tsakiyar Asiya, an fi shekara ɗari ana ba yara shi saboda macijin ciki, yana fitar da shi kuwa, amma mai sha sai ya riƙa ganin duniya rawaya-rawaya, in ya ɗan yi yawa sai farfaɗiya, wasu yaran har rasa rai. Akwai man wani ganye na ƙasashen Amurka mai sinadarin askaridol, da shi da wani sinadarin tsiro mai suna taimol aka yi yaƙi da tsutsa mai ƙugiya a farkon ƙarni na 20. Shi ma man nan tazarar da ke tsakanin dos ɗin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe yaro 'yar kaɗan ce. A Habasha suna da furen wata bishiya da suke kira koso, sun daɗe suna sha saboda tsila don su masu cin ɗanyen nama ne, tana fita, amma yawansa yana taɓa ido. Duk waɗannan ganye ne, duk na Allah ne, kuma duk sai da awo. To ni tazargaden da ke cikin kwalbar nan ita ta fi tsaya min a rai, don danginta akwai masu sinadarin da in ya yi yawa yake taɓa ƙwaƙwalwa, ga shi ba a faɗi wacce iri ba ce ba a faɗi nawa aka zuba ba.

Af, wani abin mamaki tunda ana maganar ɗaci. A Tanzaniya a dutsen Mahale, a 1987 wani mai bincike Michael Huffman ya ga wata gwaggon biri marar lafiya ta karyo reshen shuwaka, ta ɓare ta tsotse ɗacin cikin ta tofar da tuƙar, washegari ta warware, daga baya aka gano birran nan sun fi yin haka lokacin damina sa'ad da tsutsa ta yi musu yawa. Shuwakar nan dai tamu ta miya. Haka maɗaci da marke da makiyaya suke jiƙa wa dabbobi, jami'o'inmu sun yi ta gwaji a kansu a leb da kan awaki da tumaki. Ilimin yana nan, kuma muna da cibiyar NIPRD a Abuja da aikinta kenan ta ɗauko irin waɗannan ta auna ta mayar da su magani mai dos. Abin da ya rage mana shi ne a kai su ga gwaji a kan mutane da yawa, a nan ne kullum ake tsayawa.

Tafarnuwa da habbatus sauda ba ni da ja da su, a ci a abinci, suna da amfaninsu, amma ɗan abin da zai shiga cokali ɗaya na wannan haɗin ba shi zai fitar da tsutsa ba.

Na koma shagon na gaya wa Malam abin da na gani, a hankali ba da faɗa ba. Bai yi fushi ba ko kaɗan, ya ce "Malam ni ma sarowa nake yi, wani ne yake haɗawa ya kawo min, kuma mutane suna dawowa su ce sun ji daɗinsa". Na ce Allah gafarta Malam ai dole su ji sakayau, an wanke musu ciki. Ya yi dariya. Na tambaye shi lambar NAFDAC ya nuna min wata a ƙasan takardar, to a nan ma mutane su gane, irin lambar da ake ba maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba an ga ba guba ba ne a yadda aka gabatar da shi, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa ake tilasta musu su rubuta a jiki cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. A wannan kwalbar an rubuta ɗin, amma da Turanci da ƙananan baƙaƙe, alhali "yana kashe kowace irin tsutsa" da Hausa ne manya-manya. Ya ce zai gaya wa mai haɗawar ya cire sanamaki a na yara ya kuma rubuta girman cokali. Ko zai yi oho, amma dai ya saurara, kuma ya ce in dawo da sauran ya ba ni zuma a madadinsa, na karɓa.

Kuɗi kuma, abin da na biya a kwalba ɗaya zai saya wa yaran gidanmu duka albendazol a kemis har da canji. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 400 a tauna, ɗan wata 12 zuwa 23 rabi ake ba shi, ko mebendazol mai 500. Sau da yawa ma kyauta ake rabawa a makarantun firamare da lokacin makon lafiyar mata da yara, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, kuma ta ba da shawarar a riƙa ba yara sau ɗaya a shekara inda abin ya kai kashi 20 cikin 100, sau biyu inda ya haura 50. Wasu iyayen suna hana 'ya'yansu karɓar na makaranta sannan su zo su sayi wannan da tsada, abin yana ɗaure min kai.

Sannan "kowace irin tsutsa" ɗin nan ƙarya ce ko a maganin asibiti. Mai ganin fararen gutsattsari masu faɗi suna fita a wando ko a bayan gida, wannan tsila ce, daga naman shanu da bai gasu ba ake samunta, masu son tsire mai jini-jini ku ji, maganinta firazikwantel ne. Mai fitsarin jini bayan wanka a kududdufi ko dam tsargiya ce, ita ma firazikwantel amma da awon tsayi ko nauyi. Yaron da ke sosa dubura da daddare ƙananan fararen tsutsotsin nan ne, su kuma sai an ba duk gidan a sake bayan mako 2 a wanke zannuwan gado a yanke farce. Mai yawo ba takalmi a gona ya yi fari fat yana haki, a duba mai ƙugiya don ta tafin ƙafa take shiga tana shan jini, shi har da maganin ƙarin jini yake buƙata. Atini mai majina da jini kuma sau da yawa ba ma tsutsa ba ce.

Mai ciki kar ta kusanci wannan haɗin, ga tazargade ga sanamaki ga gwanda, ko na kemis ɗin ma ba a sha a wata 3 na farko. Babban mutum mai lafiya da yake son ya gwada gwanda don ra'ayinsa, gara ya sayi nunanniya a kasuwa ya shanya 'ya'yan a inuwa ya daka sabo da kansa, ya san abin da ya sha, kuma kar ya mayar da shi abincin kullum. In za ku kawo bayan gida leb kuma dan Allah sabo, a cikin robar da muka ba ku ba a ledar burodi ba, kar ya haɗu da fitsari ko ƙasa, ɗan kaɗan ya isa, a kawo cikin awa ɗaya in da hali. A sake kawowa bayan mako 2 zuwa 3 da shan magani, ko na Malam aka sha ko na kemis.